Karsanar Likitar Rugga

Surayya na tsakar gida tana guge farar rigarta ta aiki, sai Mudassir ya yi sallama, fuska ba walwala. Wata uku ya rage a ɗaura musu aure, ita kuwa satinta biyu da karɓo diflom ɗin infirmiya, wato aikin jinya, daga lakwal ɗin Maraɗi.

— Da gaske ne ƙauyen bayan Tagriss kika nemi a tura ki? in ji shi. Abokan karatunki duk Yamai suka rubuta, wasu na bin ONG, ƙungiyoyin agajin nan masu manyan motoci. Ke kaɗai kika ga daji?

— Can na yi istaj na koyon aiki, Mudassir. Namiji guda ne ke gidan likitar, matan rugga kuwa sun gwammace su haihu bayan bukka da ya duba su. Akwai wadda aka kawo bisa amalanke, jini ya ƙare mata tun kan hanya. Na kasa mance ta.

Mudassir ya gane. Wanda bai gane ba shi ne mahaifinsa, Alhaji Tanimu mai hatsi, wanda ya riga ya cika majalisa da cewa surukarsa a babban asibitin Maraɗi za ta yi aiki. Alhaji kuwa irin mutanen nan ne da in sun faɗi magana gaban jama'a, ko kuskure ce sai ta zama doka.

— Ɗana ba ya auren mai bin shanu da allura, in ji Alhaji. Ta zaɓa, ko gidana ko rugga.

Surayya ta yi kuka har idanunta suka kumbura, don tana son Mudassir so na gaskiya. Amma ta ɗaure kayanta. Da ya raka ta tasha ya ce mata:

— Ba ni saɓa ma Baba, kuma ba ni neman wata. Ki tahi, ina nan.

Haka aka ci shekara ɗaya da rabi, aure a rataye. Tana bin rijiyoyi bisa moto da akwatin rigakafi, tana karɓar haihuwa, har ta iya Fulatanci. Shi kuma kullum ana nuna masa 'yan mata, yana sunkuyar da kai.

Wata ranar kasuwar Dakoro, Arɗo Mamani, tsohon mai sayen gero wurin Alhaji, ya tsaya bakin rumfar hatsin Alhajin riƙe da jar karsana mai sheƙi. Alhaji ya taya.

— Ba ta saidawa ba ce, in ji Arɗo. Habbanaye ce ta likitarmu Surayya, gidan uwarta za mu kai ta.

Alhaji ya san habbanaye sarai: aron saniya ne da makiyayi ke ba wanda ya ɗauka ɗan'uwa, ta haifa masa maruƙa ya riƙe, sannan ya mayar da uwar. Shekara talatin yana ciniki da makiyaya, ko akuya ba su taɓa ɗaura masa ba.

— Tunda ta zo ba mu rasa mace wurin haihuwa ba, Arɗo ya ci gaba, bai san da uban saurayinta yake magana ba. An ce wani attajiri ya ƙi ta don tana zaune cikinmu. Allah ya ba shi hankali. Mu dai muna da samari.

Kunya ta rufe Alhaji. Ko la'asar bai jira ba ya aika aka kira Mudassir.

— Gaya ma baffanninka su shirya, a je a sa rana kahin a riga mu.

— To, Maraɗi hwa, Baba?

— Maraɗi ba ta rasa likita ba. Kai ne za ka ɗauki gero ka buɗe rumfa can kusa da ita.

Ranar ɗaurin aure, Alhaji da kansa ya riƙa nuna wa baƙi karsanar yana cewa ta surukarsa ce, kai ka ce shi ya tura ta dajin. Surayya ta ji daga ɗaki, ta yi murmushi, hawaye na zuba.

'Yan mata, ku riƙe wannan: wadda ta yi haƙuri a kan aikin alheri ba ta yin asarar masoyi na gaskiya. Darajar aiki kuma ba girman gari ke ba da ita ba, mutanen da kika tsaya wa ne.