Idon Kaka a Kan Dutsen Dala

Ka taɓa hawa Dutsen Dala ranar Takutaha? In ka taɓa, me ka gani da ka kai sama? Kada ka yi saurin amsawa. Ji labarin wani yaro tukuna.

Yaron ɗan aji huɗu ne, gidansu yana Sheshe. Yana da kaka, sunanta Hajiya Turai. Ta tsufa, idonta ya yi yana, ba ta ganin komai sai haske-haske. Amma bakinta garau yake. Kullum cikin tsokanar jikan nan take, tana ce masa Maigida.

Ranar Takutaha ta zo, ranar murnar sunan Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Kowa ya sa sababbin kaya. Umma ta cika kula da dambu da kaza, ta haɗa zoɓo mai sanyi. Baba ya tare adaidaita sahu.

"Hajiya, har da ke?" in ji Baba.

"Har da ni mana. Ƙafa ce ba ta hawa, kunne kuwa yana ji."

Gindin dutsen ya cika maƙil. Ga masu mandiri suna yabon Annabi. Ga masu rake, ga masu balan-balan, yara sai busa usur suke yi. Umma ta shimfiɗa tabarma a inuwar wata dalbejiya, Kaka ta zauna. Ta lalubo hannun yaron ta riƙe.

"Maigida, saurara. Ina kamar kai Baffana ya hau da ni dutsen nan. Ya nuna mini ganuwa ta zagaye gari kamar bakin faifai. Bayanta, ta wajen Ƙofar Dawanau, gonaki ne kore shar, ga shanunmu suna kiwo. A nan Kano ta ƙare. Tun da idona ya rufe nake son in san inda ta ƙare yanzu. Yau kai ne idona. Ka hau ka dubo mini."

"An gama, Kaka. Tukuicina fa?"

"Ji shi! Miji sai kwaɗayi. Cinyar kaza tana cikin kula."

Yaron da Baba suka kama matakala. Ba su yi nisa ba sai ga Tanko, ɗan ajinsu.

"Kai, zo mu yi tsere!" in ji Tanko. "Wanda ya riga taɓa sama ya dawo ƙasa, shi ne gwarzo."

Kafin Baba ya buɗe baki, sun ɓace cikin mutane. Yaron ya yi ta kutsawa, idonsa yana kan dugadugan Tanko. Suna kaiwa sama ya taɓa dutse da tafin hannu, ya juya da gudu. A hanyar sauka ya wuce Baba yana hawa a hankali. Shi ya riga Tanko isa ƙasa.

Sai da ya hango Kaka a kan tabarma ya tuna aiken da ta ba shi. Ko sau ɗaya bai ɗaga kai ba a can sama.

Umma ta je gaisawa da maƙwabta. Kaka ita kaɗai ce, ta kuma gane shi tun daga hakin da yake yi.

"Har ka dawo? To, me ka gano mini?"

Kunya ta hana yaron faɗin gaskiya.

"Yadda kika ce, Kaka. Gonaki ne kore shar."

"Kai, Maigida! Da shanu?"

"Da shanu, farare da yawa."

Fuskar Kaka ta yi haske. Ta tafa hannu, tana dariya kamar ƙaramar yarinya. "Alhamdu lillahi! Ashe suna nan! Ashe ba su tafi ba!"

Can sai ga Baba ya sauko yana share gumi. Kaka ta ji muryarsa.

"Zo, zo! Maigida ya gano mini gonakinmu. Don Allah, in za mu tafi, a bi da ni ta Ƙofar Dawanau. Ko ban gani ba, in ji kukan shanu, in shaƙi ƙamshin ƙasa."

Baba ya dubi yaron, yaron ya dubi takalminsa.

"Hajiya, babu gona a wurin," in ji Baba a hankali. "An daɗe da gine shi."

Dariyar Kaka ta tsaya cak. Ba ta yi faɗa ba. Ta dai saki hannun yaron, ta gyara mayafinta.

"Ashe idon da na ara ma rufe yake," in ji ta.

Wannan magana ta fi bulala zafi. Yaron ya durƙusa, hawaye suna zuba.

"Kaka, ki yafe mini. Tsere muka yi da Tanko. Ban duba ba, ƙarya na yi miki. Baba, don Allah ka mayar da ni."

"Gwiwoyina sun gaji," in ji Baba. Ya kalli mahaifiyarsa, sannan ya miƙe. "Mu je. Amma a bayana za ka tafi."

Suka sake hawa, wannan karon sannu a hankali. Da suka kai sama, Baba ya dafa kafaɗarsa ya ce, "To, ɗaga kai."

Yaron ya ɗaga kai. Bakinsa ya buɗe, ya kasa rufewa.

Kano ce gaba ɗaya a shimfiɗe a ƙarƙashin ƙafarsa! Rufin gidaje ba iyaka, wasu jajaye da tsatsa, wasu suna walƙiya. Motoci sun koma kamar tururuwa. Ga koriyar ƙubbar babban masallaci da dogayen hasumiyoyinsa. Ga Goron Dutse can yamma, a tsugune kamar raƙumi. Wata shirwa ta gifta, sai ya ga bayanta, ba cikinta ba. Yau shi ne a saman tsuntsu!

"Baba, ina gidanmu?"

"Can, kusa da kasuwar Kurmi. Ba zai ganu ba."

Ya juya wajen Ƙofar Dawanau. Gidaje ne, bayansu gidaje, bayansu ma gidaje, har inda sama ta sauko ta taɓa ƙasa. Ya zagaya kowane ɓangare yana neman ƙarshen gari. Babu.

Sai aka fara kiran sallar La'asar. Masallaci ɗaya ya ɗauka daga gabas, wani ya karɓa daga kudu, sai ko'ina ya ɗauka. Muryoyin suka taso suka haɗu a kan dutsen. Tsigar jikin yaron ta tashi.

"Allahu Akbar," ya faɗa a hankali.

Bayan sun sauko sun yi salla, ya zauna a gaban Kaka.

"Kaka, na duba. Babu gonaki, babu shanu. Kuma Kano ba ta da ƙarshe."

"Ba ta da ƙarshe?"

"Wallahi na nema ta ko'ina, ban samu ba."

Ya ba ta labarin ƙubba, da motoci, da shirwar da ya gani ta baya, da kiran salla. Kaka ta kasa kunne tana saurare. Can ta girgiza kai.

"Ikon Allah! Garin da na gani kamar faifai! Sake faɗa mini na shirwar nan."

Ya sake faɗa. Ta yi murmushi, ta lalubo hannunsa ta riƙe gam.

"Yanzu na gani, Maigida. A ba shi cinyarsa, kafin in cinye."

Ranar yaron ya koyi cewa in an aike ka, amana aka ba ka. Ka yi aiken, ka faɗi abin da ka gani, ko da ba shi ake so a ji ba.

Kai ma akwai wani tsoho a gidanku ko a layinku da ba ya iya fita. In an kai ka Dala, ko wani wuri mai kyau, ka tsaya ka duba sosai. In ka dawo, ka je ka zauna kusa da shi, ka ba shi labari yadda yake.