Abin da Toka Ta Ɗauka a Baki

A gidan Mijinyawa da ke Janfalan akwai wata mage mai launin toka, shi ya sa Badi'a, 'yar gidan, ta raɗa mata suna Toka. Tun tana 'yar mitsitsiya yarinyar ta tsince ta a bakin kasuwar Ikara, ta raine ta da ragowar kindirmo, har ya zama duk inda Badi'a ta sa ƙafa nan magen ke sa tata.

Toka da hanci ta san bazara. Ta san ta da ƙamshin mangwaron da ke faɗowa bayan katanga, da warin hayaƙin sharar gona da ke manne a rigar maigida, da sanyin gindin randa inda take miƙewa in rana ta take. Ta kuma san abin da mutanen gidan ba su sani ba. A tsohon rumbun da ke ƙuryar gida, wanda aka daɗe ba a zuba masa hatsi ba, akwai masu zama: wata uwa da ɗanta ƙarami. Ba su da wari, ba su da inuwa, amma Toka na ganinsu sarai. In ta shiga farautar ɓera, ɗan yakan ja mata jela, uwar tana kallo. Ba su taɓa cutar da ita ba.

Ran da Mijinyawa ya ɗauko diga zai rushe rumbun, don ya sami ƙasar yaɓen katanga kafin ruwa ya sauka, Toka ta tsaya a gabansa tana ta kuka. Ya ture ta da ƙafa. Da ginin ya rufta, wata siririyar ƙara ta fito daga ciki, wadda ba wanda ya ji sai ita.

Yammacin ranar ya fara kamar kullum. Lantana, mahaifiyar Badi'a, tana tuƙa tuwo, Badi'a na kaɗa miya, kaji sun hau makwanci. Ladan ya kira magariba. Sai iska ta ɗauke ɗif, ko ganye ya daina motsi. Dutse ya faɗo a kan kwanon ɗaki. Wani ya biyo shi, ya faɗa cikin tukunyar miya.

"Yaran maƙwabta ne," in ji Lantana, amma muryarta ba ta yarda da abin da ta faɗa ba.

Mijinyawa ya zagaya bayan gida da tocila, bai ga kowa ba. Toka kuwa tana gani. Uwar na zaune a kan tarin ƙasar rumbu, kafaɗarta guda ta karkace, tana jifa da hannu ɗaya. Ɗan na kwance gefenta, ba ya iya tashi.

Haka aka yi ta yi duk almuru. Wani lokaci jifa, wani lokaci murya ƙasa-ƙasa kamar ta mai lallashin jariri. Gidan ya koma cin tuwo tun da sauran rana, a shige ɗaki a rufe ƙofa duk da zafi. Wata ranar Badi'a ta makara wajen kwashe shanya daga igiyar da ke kusa da kufan rumbun. Toka ta ga uwar nan ta rumbu ta miƙe, ta tsaya a bayan yarinyar, ta shige ta kamar yadda hayaƙi ke shiga tsumma.

Daga nan Badi'a ta daina magana. Sai ta zauna a dokin ƙofa, ta naɗe hannuwa kamar mai rungume da jinjiri, tana jijjigawa. Ba ci, sai kurɓar ruwa. An kai ta asibiti, aka auna, ba a ga ciwo ba. Toka takan matso ta shinshina ƙafarta, ta ji warin Badi'arta ya yi nisa, kamar daga ƙasan rijiya yake tasowa, kuma kullum ƙara nisa yake.

Mijinyawa ya hau babur ya tafi Makarfi, ya ɗauko Malam Ukasha, dattijon da ake kai wa irin wannan lalura. Sun iso da la'asar sakaliya, hadari na haɗowa daga gabas. Lantana ta durƙusa ta gaishe shi, aka tambayi gida da iyali da zafi, sannan hawaye suka ƙwace mata.

"Allah gafarta Malam, ita kaɗai gare mu."

"Allah na nan," ya ce. Ya daɗe yana duban magen, wadda ta kafa ido a kan hannuwan yarinyar ba ƙiftawa.

Bayan an idar da magariba ya zauna a kan buzu, ya fara karatu a hankali. Karatu ya yi nisa kafin Badi'a ta ɗago kai, wata murya mai kauri, ta tsohuwar mace, ta fito daga bakinta.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke, me kike nema a jikin baiwar Allah?"

"A rumbun can nake tun kafin a haifi mai gidan nan. Ya rushe mini ɗaki, ya karya wa ɗana ƙafa. Ga damina a bakin ƙofa."

"Bai san kina ciki ba."

"An gaya masa." Yatsan Badi'a ya nuna Toka. "Ƙafa ya sa mata."

Mijinyawa ya sunkuyar da kai. Muryar ta ce a yanka mata baƙin bunsuru. Malam ya ce ba a zubar da jini don wanin Allah, ya ci gaba da karatu har jikin yarinyar ya hau rawa.

"Tsaya," muryar ta ce, yanzu a raunane. "Ginin ya faɗo mini a kafaɗa. Ba na iya ɗaukar ɗana. Da hannun yarinyar nan nake riƙe shi."

Malam ya ce, "Akwai bishiyar kuka mai kogo a hayin fadama, ba mai noma a gindinta. Ki koma can."

"Wa zai ɗaukar mini shi?" Idanun suka juya kan magen. "Da ita ya saba."

"Dabba ce, ba ni da ikon ba ki ita. In ta tashi don kanta, shi ke nan. Amma za ki rantse ba ke ba gidan nan, kuma za ta dawo."

"Na rantse da Wanda ya halicce ni da kai. Za ta dawo. Sai dai mai ɗaukar namu ba ya dawowa yadda ya tafi."

Toka ba ta san ma'anar kalmomin ba. Abin da ta sani, warin Badi'a ya kusa ɓacewa, kuma ga ɗan nan yana miƙo mata hannu. Ta tashi ta hau cinyar yarinyar, ta buɗe baki, ta cafki wani abu a hankali. Mutanen gidan ba su ga komai a bakinta ba. Sun dai ga ta sauko wuyanta a sanƙare, tana tafiya da ƙyar kamar mai ɗauke da ɗanta, ta ratsa tsakar gida, ta fice ta zaure. Hannuwan Badi'a suka saki, ta yi atishawa, ta kife a jikin uwarta. A lokacin ne ruwan farko ya sauko.

Da gari ya waye mutane suka fita shuka. Badi'a ta farka da yunwa, ta sha kunu, ta tambayi magenta. Ta fita ƙofar gida tana dafa bango, tana kira.

Sai da hantsi ya dubi ludayi Toka ta ɓullo daga hanyar fadama, jiƙe sharkaf, gashin bakinta ya koma fari fat. Ta zo ta goga jiki a ƙafar Badi'a, ta ɗaga kai ta buɗe baki kamar yadda ta saba gaishe ta. Ba abin da ya fito.

Ta yi shekaru a gidan bayan haka, ta haifi 'ya'ya, ta tsufa a kan tabarmar Badi'a. Amma ba a sake jin kukanta ba.