Murfin da Babu Ƙura a Kansa

Ranar da Fabian ya fara ganin Ronja, jini ne a hannunta har gwiwa.

Ya zo ne daga kamfanin almakashin da yake wa aiki a nan Solingen ta ƙasar Jamus, da takardu a hammata. Aikinsa shi ne ya bi duk inda kamfanin ke karɓar kaya, ya tabbatar ba a cutar da ma'aikata, don haka doka ta ce. Gidan washin Herr Ohliger kuwa shekara talatin ke nan yana wasa musu almakashi.

Bai kashe mota ba Ronja ta buɗe ƙofar baya, ta tura wani ma'aikaci mai suna Stoyan, hannunsa a naɗe da tawul ja jawur.

"Kai mai kwat, kallo ka zo? Asibiti!"

Ya ja mota. Stoyan ya bar yatsu biyu, Fabian kuwa ya bar zuciyarsa a kujerar baya. Sai a asibiti ya san ita ce 'yar autar mai gidan, kuma da hannunta take washi.

Da ya tambayi abin da ya faru, Maik, shugaban ma'aikata, ya ce ƙofar mota ce ta datse mutumin. Maik ya daɗe yana son Ronja, yana kuma son gidan washin fiye da ita.

Sati uku suka yi suna shan kofi da waina a bakin kogin Wupper. Ita ta sa masa Malam Takarda, shi ya sa mata Tartsatsi.

"Malam Takarda, ka taɓa riƙe abin da ya fi biro nauyi?"

"Na riƙe sonki sati uku, bayana har ciwo yake."

"Allah ya shirye ka," ta ce, tana dariya.

Ranar binciken da aka sanar ta zo. Ya tarar da kowane dutsen washi da inji ke juyawa da murfinsa na ƙarfe, wanda ke tare ɓaraguzai idan dutse ya fashe. Sai dai duk wanda ya taɓa shiga gidan washi ya san ƙura ba ta barin komai, har cikin kunne. Bango baƙi, fitila baƙa, amma murafun nan suna ƙyalli kamar kwanon amarya. Don a burge baƙo, Maik ya sa an goge su kafin a ɗaura. Fabian ya shafa yatsa a kan ɗaya, ya gane ba a taɓa aiki da su ba, ya dubi Ronja. Ta sunkuyar da kai.

Ya rubuta gaskiya, ko da yake ya san me zai rasa.

A farfajiya Maik ya tare shi. Naushin farko ya fasa masa hanci, na biyu ya zubar da shi, sannan takalmin ƙarfe ya sauka a haƙarƙarinsa sau uku.

"Rubuta wannan ma, ɗan iska!"

Herr Ohliger na tsaye a ƙofa, bai ce a bari ba.

"Shekara arba'in ina washi babu murfi, ga yatsuna goma. Murfi ɓata lokaci ne. Na ƙara ganinka kusa da 'yata, sai dai a kwashe ka."

Fabian na kwance a gida da karaya biyu saƙon Ronja ya shigo.

"Ashe kofin nan duk bincike ne. Ka samu abin da ka zo nema. Za ku janye aiki, mutum goma sha biyu su zauna a gida, ubana ya mutu da baƙin ciki. Kar ka sake nemana."

Ya amsa da yatsa ɗaya.

"Tartsatsina, ban rubuta a janye aiki ba. Na rubuta a ba ku wata uku ku gyara, mu kuma mu sassauta muku gaggawar da muke ɗora muku, don da laifinmu a ciki. Dutsen da ya ci Stoyan na kusa da naki ne. Ki tsane ni da idonki biyu ya fi min ki so ni da ɗaya. Ki ɗaura murfin."

Ta karanta, ta ajiye wayar. Amma washegari ta ɗauko murfinta daga inda aka jibge su, ta fara ɗaurawa. Maik ya fizgi hannunta, ta juyo ta sauke masa sifana a tsintsiyar hannu har ya durƙusa.

Kwana tara bayan haka, da hantsi, dutsenta ya fashe. Ƙarar ta girgiza tagogi, kowa ya kwanta a ƙasa. Herr Ohliger ya fito a guje yana kiran sunanta, ya same ta a tsaye, ko ƙwarzane babu. Murfin ya lotsa ya turo waje kamar dunƙulen hannu, daidai saitin fuskarta.

Tsohon ya ɗora tafinsa a kan lotsawar, ya daɗe bai ɗauke ba. A ranar ya sallami Maik, ya aika a gaya wa Stoyan aikinsa na nan. Da rana ya buga ƙofar Fabian, hula a hannu.

"Fabian, ni ba gwanin ban haƙuri ba ne. Ronja tana mota, ta ƙi fitowa wai kunya."

A jajibirin bikin Fabian da Ronja, kamar yadda muka saba a nan, aka taru a farfajiyar gidan washin ana rotsa tsofaffin faranti don sa'a, ango da amarya suna shara tare. Stoyan ya fasa nasa da hannun hagu. Herr Ohliger ya zo ƙarshe, babu faranti. Lotsattsen murfin ya miƙa wa Fabian.

"Wannan bai fasu ba. Ka riƙe min ita kamar yadda ya riƙe ta. Allah ya ba ku zaman lafiya, ɗana."

Ronja ta ɗaga hannu ta goge hawayen Malam Takarda, da yatsunta biyar cif.