Wasiƙar Tawa

"Rubuta wa mutanenmu na garin Tawa, muna nema wa yaron nan auren 'yarsu Hajara..."

Bik ɗin da Tsahara ke rubutu da shi ya tsaya cak.

"Wane yaro, Inna?"

Hajiya Dije ta kawar da kai. Zainulabidin ɗan farinta ne, ba ta kama sunansa, balle ta zaunar da shi ya rubuta mata zancen aurensa.

"Malaminku mana. Ladidi ce ta ce duk unguwar Adjamé ba macen da ta kai ki iya wasiƙa."

Ladidi! Ita kaɗai a ajin ta san sirrin soyayyar Tsahara da malamin, ita ma kuwa sonsa take yi. Muguwa, ta san inda za ta soka.

Shekara shida ke nan da Zainulabidin ya buɗe lekol, makarantar manya, a unguwar Treichville, da mata biyar a rumfar wani tela. Yanzu sun haura tamanin, Tsahara ma da ta shigo ba ta san baƙi ba ita ke koyar da sababbi. Amma Alhazan Nijar ba su saki matansu da 'ya'yansu ba sai da ya dafa Alƙur'ani cewa ba zai taɓa neman ɗalibarsa ba. To so bai san rantsuwa ba.

Tsohuwar ba ta karatu. Da Tsahara ta ga dama, sai ta rubuta gaisuwa kawai. Ta dubi yadda matar ta zuba mata ido da yarda, zuciyarta ta karye, ta rubuta komai yadda aka faɗa.

"Ki ba direban motar Tawa, 'yata. Allah Ya ba ki miji nagari."

Maimakon tasha, Treichville ta nufa. Ta sami Zainulabidin yana goge allo, ta miƙa masa wasiƙar. Ya karanta har sau biyu.

"Ke kika rubuta wannan?"

"Kai ka koya mini."

"Sheri, masoyiyata, ki yaga ta..."

"In na yaga, gobe za ka je gaban babana?"

Ya juya ya ci gaba da goge allon.

"Da kai nake, Zain."

"Ranar da na je, sunana maƙaryaci. Kafin Juma'a ba mace ɗaya da za ta rage a nan. Ki ƙara mini lokaci, hasken idona."

"Shekara uku ina ƙara maka... Ko na bar ajin, cewa za su yi a nan ka gan ni."

Bai musa ba, don gaskiya ce. Wallahi da ya yi mata ƙarya ma da ta fi jin sanyi.

Mata suka fara shigowa da goyo da littattafai. Wata dattijuwa mai sayar da goro ta ɗago nata tana dariya.

"Metir, malaminmu, jiya ni na karanta lambar bas da kaina, ba wanda na tambaya."

Tsahara ta ga yadda fuskarsa ta yi haske kafin ya tuna da ita. A nan ta samu amsarta. Ta zare wasiƙar daga hannunsa, bai riƙe ba.

A tashar Adjamé direban ya jefa wasiƙar cikin jakar saƙonni.

"Ta alheri ce, ko ta rasuwa? In ta rasuwa ce in fara kai ta."

Tsahara ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Ka fara kai ta."