Ƙwaryar da Ba a Juye Ba

A cibiyar koyon kwamfuta ta Gummi Lubabatu ta fara ganin Mujahid, ranar da ta kifa kai kan tebur don gajiya. Kullum daga Adabka take zuwa a babur. An ba su aikin rubuta shirin kwamfuta da zai farfasa lamba zuwa ƙananan lambobin da ba sa rabuwa. Sha biyu ita ce biyu sau biyu sau uku, amma nata shirin sai ya ce ukun ta fito sau uku.

"Mi ya faru, 'yar Adabka?" in ji Mujahid, mai taimaka wa ɗalibai a cibiyar.

"Kwamfutarku ce ba ta iya ƙirga ba."

Daga dariyar da ya yi soyayya ta fara.

Da labari ya kai wa mahaifinta, Malam Makau, sai ya ɗaure fuska. "Yaron da ke yi miki aikin makaranta ba ya son ki iya komai. Ban yarda ba."

Mako biyu shirin bai gyaru ba. Jamilu, ɗan ajinsu da ke sonta, ya miƙo mata nasa ta kwafa, ta ƙi. Ta rubuta wa Mujahid: "Na gaji. In kana sona ka gyara min."

Ya amsa: "Luba tawa, na ga kuskuren, amma ba zan taɓa ba. Ki bi sha biyu da hannu, layi-layi. Ina nan."

Kwana uku ba ta kula shi ba.

Ran na huɗu tana taya Inna awon shinkafa. Kowane mudu goma Inna na jefa tsakuwa a ƙwarya. Da buhu ya ƙare, Lubabatu ta jawo wani.

"Ke! Juye ƙwaryar tukuna. Za ki haɗa na wancan buhun da wanga?"

Lubabatu ta tsaya cak. Shirinta na gama ƙirga biyu, sai ya wuce kan uku bai mai da ƙirgar sifili ba. Layi ɗaya ta ƙara a wayarta, sha biyu ta fito daidai.

Ta kai wa mahaifinta wayar, har da saƙonnin. Ya daɗe yana karantawa.

"Kwana uku kina fushi, bai ba ki amsar ba?"

"Bai ba ni ba, Baba."

"To, ya turo magabatansa."

Bayan girbi aka ɗaura auren. Inna ta riƙe hannun amarya ta ce, "Allah Ya ba ku haƙurin juna, Ya sa albarka."