Saƙon da Ya Fito a Allon Kowa

Daga layin gaba dariyar ta taso, ta riƙa bin kujeru har ta iske ni a ƙarshen ɗakin taron, inda nake zaune gaban kwamfutata.

Na duba allona.

"A fito mana da mai i'inar nan ta yi bayani da bakinta!"

Abin da ke rubuce ke nan a kan laftof ɗin duk wanda ke ɗakin, kuma kusan dukkansu shugabannin makarantu ne.

Bai kamata saƙon nan ya fita ba. Ni na gina manhajar da hannuna. Duk ɗakin da muka je, 'yar rauta, na'urar da ke haɗa kwamfutoci, nake ɗorawa a kan tebur, kowa ya buɗe laftof ɗinsa ya haɗa da ita, ba ruwanmu da intanet. In mai jawabi ya juya shafi, sai ya juya a gaban kowa. Su kaɗa ƙuri'a, su rubuto tambaya. Amma kowace tambaya wurina take fara sauka, sai na ga ta dace in sake ta.

Mu biyu ne kawai muka san kalmar sirrin da ake sakin saƙo da ita.

Ni da Dogo.

Dogo shi ne mai jawabin, shi ne kuma mutumin da na ba zuciyata ba tare da na rage komai ba. Tun ina ƙarama harshena ke sarƙewa. A aji tambayoyina a maƙogwaro suke mutuwa, shi ya sa da na girma na gina abin da zai bar mutum ya yi tambaya ba sai ya buɗe baki ba. Ranar da na fara nuna wa Dogo, na daɗe ina kokawa da kalma guda. Bai kalli agogo ba. Bai ƙarasa min ba. Jira ya yi har ta fito.

"Ki ɗauki lokacinki, tauraruwata," ya ce. "Ba inda za ni."

Daga ranar na zama tasa.

Gidansu kuwa ba su ɓoye min komai ba. Da ya kai ni gaishe da mahaifiyarsa, ina durƙushe ina fama da gaisuwa, yayarsa da suke kira Anti ta tafa hannu.

"Mama, ki tashi ki ɗora girki, kafin ki sauke ƙila ta kai ƙarshe!"

Mahaifiyar ba ta yi dariya ba, gara ma ta yi. Kallona ta yi daga sama har ƙasa.

"Ɗan nan da baki yake cin abinci," ta ce. "Ba zan ga jikokina suna ta-ta-ta a gabana ba."

Suna da wadda suke so, 'yar ƙanwar mahaifiyar tasa, wadda ke aikin sakatariya a ofishinsa. Kyakkyawa ce, magana na zuba daga bakinta kamar an kunce famfo. A gidanmu ma Yayana bai taɓa sakin jiki da Dogo ba.

"Ƙanwata, mutumin nan daɗin bakinsa ya yi yawa."

Ban ji ba. Ko da safiyar ranar taron, muna jera wayoyi, Dogo ya sunkuyo kusa da kunnena.

"Yau zan faɗa wa duniya wadda ta gina abin nan, rabin raina. Zan kuma faɗa musu matsayinta a wurina."

Yanzu ga duniyar tana dariya.

Na ɗaga kai. Can gaba na hango Anti, kusa da ita Sakatariya na ta danna madannan laftof ɗinta. Na yi sauri na goge saƙon. Kafin in sauke numfashi wani ya maye gurbinsa. Wannan karon ƙuri'a ce.

"Kalma nawa za ta iya furtawa kafin a tashi taro? Ɗaya? Rabi? Ko ɗaya?"

Ina kallo layukan ƙuri'ar suka fara tsawo. Manyan mutane masu furfura, masu tarbiyyar 'ya'yan jama'a, kowa na dannawa yana leƙa allon na kusa da shi yana ƙyaƙyatawa.

Na zuba wa Dogo ido. Kalma ɗaya daga bakinsa ta isa ta kashe wutar nan.

Ya kalli allonsa. Ya kalli Anti. Ya kalli ɗakin da ya cika da mutanen da yake so su karɓi tsarin.

Sai ya yi dariya.

"Kun ga amfanin abin ko? Abin da jama'a suke so shi ake yi! Yarinyar da ke kula mana da wayoyi, taso mana."

Yarinyar da ke kula da wayoyi...

Ban san yadda ƙafafuna suka kai ni gaba ba. Ya miƙo min makirufo, ya ƙi yarda mu haɗa ido.

"Na... na... na..."

Harshena ya manne. A laftof ɗin mutumin da ke gabana na ga sabon saƙo ya faɗo: "Na... na... na..." Ɗakin ya sake fashewa.

Dogo ya zare makirufon daga hannuna.

"Tana so ta ce ta gode. A tafa mata!"

Aka tafa.

Na koma kujerata, hannuna ya tafi kai tsaye kan wayar rautar. Fizga ɗaya, komai ya mutu, a bar shi tsaye da bakinsa. Sai idona ya faɗa kan wata tambaya da ke jiran a sake ta.

"Ina da ɗaliba da ba ta taɓa ɗaga hannu a aji ba. Wannan zai taimake ta?"

Na janye hannuna. Na saki tambayar. Ina share hawaye da gefen mayafi na riƙe musu taron har ƙarshe.

Bayan an watse, ina naɗe wayoyi, na ji takunsa.

"Tauraruwata..."

"Wa... wa ya ba... ba Sakatariya kalmar sirrin?"

"Cewa ta yi za ta taya ki tace tambayoyi. Wallahi ban san abin da ta shirya ba!"

"Ka yi da... dariya."

"To me kike so in yi? In ɓata rai taro ya watse? Sun amince fa! Duk makarantun za su karɓa!"

Na ci gaba da naɗe waya. Ya yi gyaran murya.

"Akwai wata magana. Mama ta matsa... manya sun riga sun zauna a kan aurena da 'yar ƙanwarta."

"Yau... yaushe?"

"An kwana biyu."

An kwana biyu! Ke nan da safen nan da yake raɗa min rabin raina, ya san an gama.

"Ki fahimce ni, ba zan iya saɓa wa mahaifiyata ba. Sannan..." Ya sosa ƙeya. "Rautar nan ki bar ta a ofis. Ki ɗan nuna mata yadda ake saitawa, tunda ita za ta riƙa bina taro."

Daga bakin ƙofa Anti ta ɗaga murya.

"Kai Dogo, ba ka gama sallamar ta ba? In amsarta kake jira, mu tafi gida mu dawo gobe!"

Na ajiye rautar a kan tebur na fita. Da sunan kamfaninsa aka yi wa manhajar rajista, ni da kaina na ce a yi haka, lokacin ina ganin nawa nasa ne.

A gida Yayana ya zari makullin mota zai fita, Umma ta tare ƙofa.

"Ba inda za ka! Dukansa zai mayar mata da abin da ya karya ne?"

Aka yi auren Dogo da Sakatariya. Hotonsa ya cika allunan talla, a ƙasa an rubuta shi ne ya ƙirƙiro tsarin. Ni kuwa na samu aiki a wani shagon gyaran kwamfuta, inda ba mai bukatar in ce komai.

Wata rana da la'asar, bayan watanni, Yayana ya shigo fuska a murtuke.

"Yana waje. In kore shi?"

Na girgiza kai. Allah ya sani, zuciyata tsalle ta yi. Har na tsaya gaban madubi na gyara mayafi.

Ya rame. Yana jingine da motarsa, idanunsa sun faɗa.

"Ba na jin daɗin gidan nan," ya ce. "Daga safe har yamma musu. In na faɗi ɗaya ta faɗi goma. Na yi kewarki, tauraruwata."

Na tsaya ina jiran kalmar haƙuri.

"Kin san abin da na fi kewa? Shirunki. Ke ba ki taɓa katse ni ba. In zauna in yi ta magana, ke kina saurare... Ki bar ni in riƙa zuwa ko sau ɗaya a mako, in samu inda zan sauke abin da ke raina."

Na kalle shi da kyau. Fuskarsa ba alamar wasa. Shi a ganinsa yabona yake yi.

Na juya na shige gida.

"Yaya, ru... rufe ƙofar."

Ya rufe, har da sakata.

Umma na zaune a tsakar gida tana ninke wanki. Na zube a jikinta na fashe da kukan da ban yi ba ko a ranar taron.

"Har yanzu kina son sa, 'yar nan?"

Na ɗaga mata kai.

Ta ƙara matse ni a ƙirjinta. A waje muka ji ya tada mota, ya ɗan jima bai ja ba, sannan ya tafi.