Ramin Da Aka Toshe Da Kakin Zuma

Ɗan ƙanwata, wanda muke kira Injiniya, sana'arsa haɗa kwamfutocin ofisoshi su riƙa magana da juna. Wata rana gab da magariba aka kira shi wani ofis, wai intanet ya ɗauke. Matarsa ta ce ya bari sai gobe mana, ya ce yanzun nan zai dawo.

Tsohon maigadi ya miƙa masa makullin ɗakin na'urori, ya ce ya taɓa komai amma ban da ramin ƙarshe. Injiniya ya yi dariya, ya ce Baba ma ya zama injiniya ke nan.

Ɗakin da sanyi, ga warin ƙura da na roba mai zafi. Suwic, wato na'urar da kebul ɗin kowace kwamfuta ke shiga, na cikin akwatin ƙarfe, kowane rami da 'yar fitilarsa. Ramin ƙarshe kuwa an toshe shi da kakin zuma. Kusa da shi wani tsohon kebul ya fito daga bango, yana reto.

Ya jona kwamfutarsa, ya gyara abin da ya lalace. Amma hannunsa ya ƙi zama. Ya ce a ransa wataƙila wani ofis ne aka manta a ƙarshen kebul ɗin nan. Ya kankare kakin, ya soka shi.

Fitilar ta kawo kore.

To, akwai wani tsari da suke kira DHCP. Duk baƙon da ya shigo ya nemi adireshi, sai ya ba shi, ba ya tambayar ɗan gidan wa ne. Injiniya na kallo wani abu marar suna ya nema, aka ba shi.

Ya aika masa ping, wato sallamar da na'ura ke yi wa 'yar'uwarta. Aka amsa.

Ya ja kebul ɗin don ya ga inda ya nufa. Sai kebul ɗin ya zare daga bangon ya faɗo hannunsa, guntu ne, bakinsa a yanke.

Fitilar ba ta mutu ba.

Fankokin na'urorin suka yi tsit. Warin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika ɗakin. Duk fitilun suka fara kawowa da ɗaukewa tare, a hankali, kamar numfashi.

Sai ping ya shigo kwamfutarsa. Wani. Wani kuma.

Abin yana yi masa sallama.

Ya ji huci a ƙeyarsa. Ƙofa ta fara rufuwa da kanta.

Ya fizge kebul ɗin, ya rungumi kwamfutarsa, ya kutsa ta 'yar kafar da ta rage, rigarsa ta yage. Bai tsaya ba sai gaban maigadi.

Tsohon ya dube shi, ya rage murya.

"Ka ba shi wurin zama?"

"Na'ura ce ta ba shi, Baba."

"Ka karɓe kafin ka fito?"

Idon tsohon ya sauka kan kwamfutar da ke ƙirjinsa.

Tun daga ranar, ofis ɗin bai ƙara samun matsala ba. A gidan Injiniya kuwa, in ya duba jerin abubuwan da ke jone da na'urar intanet ɗinsu, yakan ga wayarsa, da ta matarsa, da kwamfutarsa, da wani guda marar suna. Ya sayar da kwamfutar, ya sauya na'urar, abin bai tafi ba.

Yanzu kullum kafin magariba yakan zare fulogin na'urar daga bango. Matarsa kan yafa zane a kai, don kada 'yarsu ta ga fitila ɗaya da ke ci.